Sayen doki daban, riƙonsa daban: wace kyamara ce ta dace da mai shirya fim a karkara?

Bayan an sayar da riɗin bana, wani ɗan yayata da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura ya same ni da takarda a hannu. Shi da abokansa uku sun shekara biyu suna ɗaukar gajerun wasannin barkwanci da waya suna sakawa a YouTube da Facebook, yanzu kuma ransu ya biya su shiga fim mai dogon zango. Sun yi karo-karo: shi kuɗin riɗi, wani kuɗin ragunan da ya turke tun bara, wani kuma ya sayar da babur. A takardar ya jera sunayen kyamarori biyar, kowace da farashinta a gefe. Ya ce, “Kawu, wacce a ciki ta fi fitar da hoto irin na sinima?”

Na ce masa duk biyar ɗin suna fitar da hoton da ya fi ƙarfin inda za a kalli fim ɗinsu. Abin da takardar ba ta nuna ba shi ne abin da kowace za ta riƙa ci bayan an kawo ta gida. A kan doki kowa ya san wannan lissafin. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a wajen dillali, ya dawo gida babu sirdi, babu linzami, babu dawa da harawa, ya sayo wa kansa abin kallo ne a turke. Kyamara ma haka take. Akwai kuɗin kanti, akwai kuɗin riƙo, kuma a karkarar Kano da Jigawa na biyun ne ke kayar da mutane.

Ya kamata a fara da sanin me ake nufi da kyamarar sinima, domin sunan kansa ya zama jarin ’yan talla. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara ne a Kano a 1990 da kyamarorin kaset irin na ɗaukar biki. An daɗe a haka, har zuwa 2008 da kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar hoton kati wadda aka ƙara mata ɗaukar bidiyo. Ita ce ta fara ba mai ƙaramin ƙarfi damar ɗaukar fuska ta fito tas, bayanta ya yi dishi-dishi, irin yadda ake gani a manyan fina-finai. Ita da ƙannenta, 7D da 600D, su suka mamaye lokeshan na Kannywood na tsawon shekaru. Amma asalinsu na hoton kati ne. Ba sa wuce minti 30 a ɗauka ɗaya, wasu ma ba sa kai haka, kuma dalilin iyakar minti 30 ɗin harajin Tarayyar Turai ne a kan kyamarorin bidiyo, ba gazawar na’ura ba. Wajen sa makirfo ɗinsu ƙarami ne mai saurin lalacewa, hotonsu kuma a matse yake, da an taɓa shi wajen gyaran kala sai ya farfashe. Kyamarar da ake kira ta sinima ita ce aka ƙera don ta magance waɗannan: ta ɗauki awanni ba tsayawa, ta adana hoton da zai jure gyara, ta karɓi makirfo na ƙwarai. Wannan ne kawai bambancin. Babu wani maɓalli a jikinta da ake dannawa fim ya yi kyau.

Sai maganar kuɗi, wadda dala ta dagula. A 2018 kamfanin Blackmagic na Ostireliya ya fitar da Pocket Cinema Camera 4K a kan dala 1,295. A lokacin dala tana wajen naira 360, wato ƙasa da rabin miliyan. Bayan da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, sai wannan farashin ya koma kusan miliyan biyu, alhali a can inda ake ƙera ta ba a ƙara ko kwabo ba. Panasonic GH5 ta fito a 2017 a kan dala 1,999. Blackmagic 6K Pro ta zo a 2021 a kan 2,495, Sony FX30 kuma a 2022 a kan 1,799. Waɗannan su ne Turawa ke kira masu araha, kuma duk farashin gangar jiki ne, ba lens, ba memori. Don haka a wajenmu maganar araha maganar ta hannu ce. Duk wanda ya ce maka sai sabuwa a kwali, to ba da kuɗin riɗi yake lissafi ba.

Abu na farko da ɗan yayata ya ja wa layi a takardarsa shi ne 4K da 6K, lambobin da ke nuna yawan ɗigon da ke cikin hoto, kuma shi ne abin da ya fi komai rashin muhimmanci. A ina za a kalli fim ɗin? A waya, a YouTube, yawanci an rage ingancin hoton saboda tsadar data, ko kuma a shagon masu tura fim, inda ake matse shiri guda ya koma ɗan mitsitsi a zuba a memori. Ko gidan talabijin irin Arewa24 ne ya karɓa, hoto mai layi 1080 ya wadatar. Akasarin injinan haska fim na sinimomin duniya 2K ne, wato rabin faɗin 4K. Kyamarar Alexa ta kamfanin ARRI na Jamus, wadda ta fito a 2010 aka yi manyan fina-finan Amurka da ita shekara da shekaru, ba ta kai 4K ba. Amfanin 4K a wajen mai ƙaramin ƙarfi guda ne: idan kyamara ɗaya gare ka, kana iya ɗaukar mutum daga nesa, wajen tacewa ka matso da fuskarsa ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan amfani ne na gaske. 6K kuwa, a wannan matakin, lodi ne kawai.

Inda ya kamata a tsaya a yi dogon nazari shi ne rana. Ka ɗauki fitowar da babu fim ɗin karkara da ba ya da irinta: dattijo zaune a gindin darbejiya da hantsi, sanye da farar riga da farin rawani, fuskarsa baƙa a cikin inuwa, bayansa kuma fili ne fetal rana na dukan yashi. Idon mutum yana ganin duka a lokaci guda: aikin wuyan rigar, da tsagar fuskar, da dangar da ke can baya. Kyamara ba haka take ba. Tana da iyakar tazarar da za ta iya riƙewa tsakanin mafi haske da mafi duhu, ana auna ta da mataki, kowane mataki ninkin haske ne. Idan tazarar ta yi mata yawa, dole ta sadaukar da ɗaya: ko fuskar ta fito rigar ta ƙone ta zama farin fili babu zare, ko rigar ta fito fuskar ta dulmuye. Duk wanda ya kalli tsofaffin fina-finanmu ya san wannan ƙonewar. Blackmagic na cewa Pocket 4K ɗinsu tana riƙe mataki 13, Sony na cewa FX30 ta haura 14, GH5 kuma tana wajen 12. Alƙaluman kamfani ne, a aikace a rage musu kaɗan, amma duk sun fi tsofaffin Canon nesa ba kusa ba.

Sai dai kyamara ba ta ba ka wannan tazarar kyauta. Sai ka ɗauka a yanayin da ake kira log, inda hoton ke fitowa fari-fari, dusu-dusu, kamar an ɗauka cikin hazo, daga baya a mayar masa da kala a kwamfuta. A nan ne maganar bit ke shigowa. Kyamara mai bit 8 tana raba kowace kala gida 256, mai bit 10 kuma gida 1,024. Idan ka ja hoton bit 8 da ƙarfi wajen gyara, sararin sama sai ya rabu layi-layi kamar tabarma, fatar mutum kuma ta yi dabbare-dabbare. Baƙar fata ta fi shan wahala a nan, domin tana zaune ne a ɓangaren duhu, inda bayanan da kyamara ta adana suka fi ƙaranci. Saboda haka, a duk lambobin da ke jikin kwali, bit 10 ce kaɗai nake ganin ta cancanci a ƙara kuɗi dominta. Amma da sharaɗi: sai idan akwai mai iya gyaran kala a cikinku. Na sha ganin fim an ɗauka da log an sake shi haka nan, fuskoki kamar an barbaɗa musu toka. Wanda bai koyi gyaran ba gara ya ɗauka da kalar da kyamara ta zo da ita, ya nemi inuwa mai kyau, ya sa yaro ya riƙe farin kwali yana maido haske a fuskar dattijon. Kwalin nan na naira kaɗan yana yin aikin mataki biyu.

Akwai kuma abin da kusan kowane sabon shiga ke mantawa, wato tabarau. Hoton fim a wajenmu yana tafiya ne da hoto 25 a daƙiƙa, shota kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga a kowane hoto, a ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, don motsi ya yi laushi irin yadda ido ya saba. A ranar Afrilu ta Jigawa, da waɗannan lambobin, hasken da ke shiga ya ninka abin da ake buƙata sau sittin zuwa sama da ɗari. Mai hoton da ba shi da tabarau sai ya ƙara gudun shota, motsin mutane ya koma tsalle-tsalle, ko ya tsuke ƙofar lens har ƙarshe, hoton ya mutu. Maganin shi ne baƙin gilashin da ake kira ND, mai rage haske mataki shida ko bakwai. Canon C100 da Blackmagic 6K Pro suna da shi a ciki, murɗawa ko dannawa kawai ake yi. Sauran sai an saya daban an ɗaura a bakin lens, kuma mai arha yana juya kala. A kan Blackmagic 4K ma akwai wani abin haushi: idan tabarau ya yi kauri kuma ba mai tare hasken infrared ba ne, baƙin hijabi sai ya fito ja-ja kamar ya koɗe. Wanda bai san dalili ba sai ya ce kyamarar ce ta lalace.

Da daddare ko a cikin ɗaki matsalar juyewa take yi. Blackmagic 4K tana da ISO, wato ma’aunin ƙarfin jin haske, na asali guda biyu, 400 da 3200, FX30 kuma 800 da 2500, ma’ana suna iya gani a ɗan haske ba tare da hoton ya cika da tsaki-tsaki ba. GH5 raguwa ce a duhu, wannan kowa ya sani. Amma fitilar LED guda biyu masu batir sun fi arha a kan bambancin kuɗin da ke tsakanin kyamarorin, kuma fuskar da aka haska ta fi fuskar da aka lalubo a duhu kyau ko da wace kyamara ce.

Girman sensa kuma, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, yana da alaƙa da ginin da za a yi aiki a ciki. Babbar sensa milimita 36 ce a faɗi, matsakaiciya irin ta FX30 da C100 wajen 24, ƙarama irin ta GH5 ɗan sama da 17. Abin da wannan ke nufi a aikace: lens mai lamba 50, wanda shi ne mafi arha a kasuwa, idan ka sa shi a ƙaramar sensa yana matso da abu kamar mai lamba 100. A fili babu damuwa, ka ja da baya. A zaure ko ɗakin ƙasa mai taku huɗu, bango zai tare ka kana ganin hancin ɗan wasa kawai. Mai ƙaramar sensa dole ya nemi lens mai faɗi, wajen lamba 12 zuwa 14, ko ya sayi mahaɗin da ke ba shi damar sa lens na Canon ya kuma faɗaɗa masa hoton. Wannan mahaɗin ma kuɗi ne. Kuma a lura da wane irin lens ne ya fi yawa a Kano: na Canon ne, mai bakin EF, gadon zamanin 5D. Shi za ka samu aro, shi za ka samu haya a Zoo Road, shi za ka iya sayarwa gobe idan ta ɓaci. Kyamara tana tsufa cikin shekara biyar, lens mai kyau kuwa yana kai ashirin.

A nan bari in ɗan ratse. Yaranmu sun kamu da son dishe baya, har ya zama shi ne alamar ƙwarewa a wajensu. Ka ɗebo mutane daga birni, ka biya mota har gefen duwatsun Birnin Kudu ko fadamar Baturiya, sannan ka dishe komai, a ga kan ɗan wasa yana yawo a cikin koren hayaƙi. To me ya kai ka? Rumbu da kuka da garken shanu su ne abin da mai fim na karkara yake da shi wanda na birni sai ya biya ya samu. Ga shi kuma dishe baya yana sa riƙe fokas ya yi wuya, musamman a Blackmagic da ba ta bin mutum da kanta idan yana tafiya. Sony ce gwanar wannan.

Yanzu ga dawa da harawa. Ƙaramin batirin da ke cikin Blackmagic 4K irin na Canon ne, LP-E6, kuma a aikace minti arba’in ne ya ƙare, wani lokaci kuma ya ɗauke ba sallama ana tsakiyar fitowa. Yinin aiki na awa takwas yana son irinsa goma ko fiye. A garin da ake samun wuta wannan ƙaramar damuwa ce. A ƙauyen da sai an kai waya shagon mai caji, ko wanda rabonsa da wutar NEPA tun faɗuwar turakun bara, babbar magana ce. Mafita ita ce babban batir na waje, irin wanda ake kira V-mount, da ke ɗaukar abin da ya ninka ƙaramin sau bakwai, amma shi da cajarsa da farantin ɗaura shi wani kuɗin ne mai kauri, ga nauyi. GH5 tana kai wajen awa biyu da batir ɗaya. C100 tana yin awanni, batir biyu ko uku sun kai ka magariba. FX30 tana karɓar wuta ta USB-C daga babban fawa-bank, wanda ko a kasuwar waya ta Farm Centre za a samu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kwana ana caji da janareta ya zama layi na musamman a kasafin fim. Ƙungiyar da za ta daɗe tana aiki a ƙauye gara ta sa farantin sola da batirinsa a cikin kuɗin kyamara tun farko.

Wutar tana da wani tarko kuma. Tamu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamara ta hannu da ta fito daga can tana zuwa a saite da 60, idan ba a mayar da ita 25 da 50 ba, duk fitowar da aka yi a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai ta riƙa ƙiftawa. Ƙaramin janareta ma ba ya tsayawa daidai a 50, yana hawa yana sauka, shi ya sa fitila mai batir ta fi kwanciyar hankali.

Zafi da ƙura ba sa buƙatar dogon bayani ga wanda ya san Haɗeja ko Gumel a watan Afrilu. Yawancin kyamarori an rubuta musu aiki ne tsakanin sifili da digiri 40, mu kuma muna wuce 40 a inuwa. Ƙananan kyamarorin hoton kati da ba su da fanka, wasunsu kashe kansu suke yi ana cikin ɗaukar 4K. Masu fanka, irin FX30 da Blackmagic da C100, suna jurewa, sai dai fankar tana shaƙar ƙurar hunturu. GH5 ba ta da fanka, jikinta a toshe yake, kuma ta yi suna wajen rashin ɗaukar zafi. A wannan fannin kamar don mu aka yi ta. Ko wacce ce dai, lema a kai, kuma ba a canza lens a fili lokacin buji. A shiga mota ko ɗaki.

Sai rumbun da za a zuba hoton. Lissafin a fili yake. C100 tana cin kusan gigabait 11 a awa. GH5 a 4K mai bit 10 tana cin wajen 68. Blackmagic, idan aka sa ta a tsarin adana hoto na ProRes mafi inganci a 4K, tana haura 300. Zango guda na shiri da aka ɗauki awa talatin, ke nan, na farko bai kai rabin terabait ba, na biyu terabait biyu, na uku kusan goma. Kuma kowane sai an ninka shi biyu, domin hoton da ke wuri ɗaya tak bai tsira ba. Na san ƙungiyar da faifan ajiyarsu ya faɗo daga kan babur da aikin sati uku a ciki. Kwamfutar ma tana da nata hukuncin. Tsohuwar laftof da ke tace hoton C100 cikin sauƙi za ta riƙa numfarfashi a kan bit 10 na Panasonic ko Sony, sai an yi mata ƙaramin kwafi ta yi aiki da shi. Blackmagic tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio, manhajar tace fim da gyaran kala, kyauta ce mai daraja, amma mai sayen ta hannu ya tambaya ko katin lasisin yana nan, don sau da yawa mai ita na farko ya riƙe abinsa. Shi kuma Resolve yana son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto. Kafin a biya kuɗin kyamara, a karɓi hoton minti biyar da aka ɗauka da irinta a gwada a kwamfutar da za a yi aikin da ita.

Abin da bai fito a takardar ɗan yayata ba ko sau ɗaya shi ne sauti, alhali fim ɗin Hausa fim ne na magana. Habaici, gatse, zaurance, amsar da uwar miji ta ba suruka, su ne ake sake turawa a WhatsApp. Mai kallo a waya zai haƙura da hoton da bai fita sosai ba, amma da ya fara cewa “me ta ce?” sau biyu, ya wuce gaba. Kuma masu zaton ƙauye shiru ne ba su taɓa sa abin ji a kunne a can ba. Injin markaɗe, zakara, babur, akuya, daka daga gida uku, ga iskar hunturu da ke buga makirfo kamar ganga, ga janaretan da ku da kanku kuka kunna. Makirfon jikin kyamara, ko ta miliyan nawa ce, ba ya maganin wannan, domin matsalar ta nisa ce. Ana buƙatar dogon makirfo a kan sanda kusa da bakin mai magana, da rigar gashi mai tare iska, ko ƙananan na maƙalawa a wuyan riga, da na’urar naɗar sauti irin ta Zoom ko Tascam, da mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sauraro. C100 tana da ramin XLR, wato na makirfon ƙwararru, guda biyu a hannunta, Blackmagic tana da ƙarami ɗaya, GH5 da FX30 kuwa sai an ƙara musu wata na’ura ta daban. Ni a ganina, duk kasafin da bai ware wa sauti aƙalla kashi ɗaya cikin biyar ba, a sake shi.

To wacce za a saya? Ra’ayina ke nan, kuma na san akwai masu hoton da za su yi mini ca. Gangar jiki kada ta wuce rabin kuɗin da ke hannu. Idan rabin ya kai FX30, ita ce ta fi dacewa da ƙungiyar da ba ta da mutane da yawa, saboda fokas ɗinta da fanka da sauƙin caji. Idan bai kai ba, GH5 ta hannu ita ce jakin aiki: bit 10, juriya, ga sensarta tana rage girgizar hannu, abin da ke rage buƙatar wasu kayan. Blackmagic 4K ta fi su kyawun hoto a kuɗinta, ban musa ba, amma doki ce mai ci, ta mai wuta da kwamfuta da haƙurin gyaran kala ce. C100 kuwa, musamman Mark II ta 2014, yara suna raina ta don 1080 take fitarwa kuma bit 8 ce. Amma tana da tabarau a ciki, da wajen makirfo, da batir mai daɗewa, da bakin Canon, kalar fatarta kuma tana da kyau ba tare da an taɓa ba. Ga mai shirin mako-mako a YouTube daga ƙauye, ban ga wadda ta fi ta rage ciwon kai ba.

Akwai kuma hanyar da mutane ba sa son ji, wato haya. Wanda fim ɗaya zai yi a shekara, na kwana goma, ba shi da dalilin daskarar da jarinsa a akwati. Ya hayo kyamara da mai ita daga Kano, ya zuba kuɗinsa a labari da ’yan wasa da abinci. Saye yana da ma’ana ne ga wanda kyamarar za ta riƙa fita duk mako, ko za ta riƙa ɗaukar biki da saukar karatu da taron siyasa tana ciyar da kanta.

Idan an zo saye, ko a Beirut Road ne a Kano ko an yi saƙo daga Alaba ko Computer Village a Legas, ba a biya sai an gwada, kuma gwajin na awa guda ne, ba na minti biyar ba. A kunna ta ta yi ta ɗauka minti arba’in a jere a ga ko za ta yi zafi ko ta tsaya. A ɗauki farin bango da ƙofar lens a tsuke, duk datti ko ƙarzuwar da ke kan sensa za ta bayyana. A rufe lens, a ɗaga ISO, a duba ko akwai ɗigon ja ko fari da ba ya motsi. A jijjiga wayar HDMI da ta makirfo a raminsu. Lens ɗin da ya zauna a Kudu a haska cikinsa da tocilan, damshin can yana sa masa fumfuna kamar yanar gizo. Memori kuma jabu ya fi na gaske yawa a kasuwa. Alamar V30 ko V60 ko V90 da ke jikinsa tana nufin mafi ƙarancin megabait da zai rubuta a daƙiƙa, jabun kuma yana ɗauke da alamar amma ba ya kai wa, sai kyamara ta tsaya a tsakiyar kukan jaruma.

Ɗan yayata ya tafi ransa bai so ba, don 6K Pro ya ƙwallafa wa rai. Bayan sati biyu ya kira ni daga Kano. Sun ɗauki GH5 ta hannu da lens ɗaya mai zuƙowa daga 12, da tabarau, da batir huɗu, da na’urar sauti da makirfo biyu na wuya, da faifan ajiya biyu. Kuɗin bai kai ga ƙafar kyamara ta kirki ba, sun ari tsohuwa a wajen wani mai hoton biki, wadda ƙafarta ɗaya sai an ɗaure da roba. Ya ce, “Kawu, sola fa sai wata kakar.” A yanzu dai suna kai batiran shagon mai caji da ke bakin titi duk yamma, sun kuma shirya da shi a kan kuɗin wata. Fitowarsu ta farko a gefen kasuwar Gujungu za su ɗauke ta, na ce su je tun da sassafe, kafin masu lasifikar tallar magani su kunna.